Yanayi, Wasannin Fili da Daɗin Zama a Garin Bakin Ruwa: Misalin Mairuwa a Kudancin Katsina

1.0 Gabatarwa

Idan Bahaushe ya ce gari kaza yana da daɗin zama, ba safai yakan tsaya lissafa dalilansa ba, domin mai sauraronsa ya san abin da yake nufi: akwai ruwa, akwai abinci da araha, iskar wurin tana karɓar mutum, kuma ana kwana da ido biyu rufe. Mu kuwa da muke nazari, wajibinmu ne mu warware wannan magana, mu ga abubuwan da ta ƙunsa da yadda kowannensu yake riƙe da ɗan'uwansa.

A wannan maƙala za mu duba yanayin ƙasar Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, a kudu maso yammacin Jihar Katsina, mu ɗauki garin Mairuwa da madatsar ruwansa a matsayin misali. Manufarmu ita ce mu nuna cewa wasanni da shaƙatawar da mutane ke yi a fili, waɗanda masu tsara ƙasa sukan ɗauka ƙananan abubuwa ne, su ne ma'aunin da ya fi saurin nuna ko gari yana da daɗin zama ko ba shi da shi. Dalili kuwa shi ne, kafin yaro ya fita dandali ko magidanci ya zauna hira a bakin ruwa, sai yanayi da lafiya da tsaro sun haɗu sun ba shi izini. Da zarar ɗaya daga cikinsu ya gurgunce, wasa shi ne abu na farko da yakan ɓace.

2.0 Ƙasar da Muke Magana a Kanta

Ƙananan hukumomin nan uku suna gefen yamma na kudancin Katsina. Ƙanƙara da Faskari sun yi iyaka da Jihar Zamfara, Sabuwa kuwa ta dangana da ƙasar Birnin Gwari ta Jihar Kaduna. Kafin 23 ga Satumba 1987, ranar da aka ƙirƙiro Jihar Katsina, duk suna cikin tsohuwar Jihar Kaduna. Ƙasa ce mai tudu, wadda a kewayen Funtuwa take kai wajen mita 700 bisa teku, kuma daga wannan tudun ne kogin Sakkwato yake ɗaukowa ya nufi Gusau da Talatar Mafara. Ana samun fā da manyan duwatsu jefi-jefi, ga farar ƙasa wadda aka san Ƙanƙara da ita, ga kuma dazuzzuka a gefen yamma, ciki har da dajin Kogo.

Tun zamanin Turawa aka san wannan yanki da noman auduga, abin da ya sa aka kafa gidan gurza a Funtuwa, aka kuma bi ta nan da hanyar jirgin ƙasa daga Zariya, wadda ta isa Ƙauran Namoda a 1929. A 1975 aka fara Shirin Raya Aikin Gona na Funtuwa da tallafin Bankin Duniya, ɗaya daga cikin irinsa uku na farko a Nijeriya, sauran biyun su ne na Gusau da na Gombe. Shirin ya shafi gundumomin Funtuwa da Bakori da Malumfashi da Ƙanƙara da Faskari, ya shimfiɗa hanyoyin karkara, ya kuma gina ƙananan madatsun ruwa. Masara da dawa da waken soya sun bi sahun auduga, har yankin ya zama ɗaya daga cikin rumbunan jihar.

Mairuwa tana cikin Ƙaramar Hukumar Faskari, a bakin titin da ya tashi daga Funtuwa ya bi ta Sheme da 'Yankara ya shiga Tsafe da Gusau. Madatsar ruwan da ke kusa da ita an yi ta ne musamman domin samar wa Funtuwa ruwan sha, amma kamar yadda ya faru a sauran wurare, ruwan da aka tare domin abu guda ya jawo masunta da manoman rani da makiyaya. Saboda haka ta dace da abin da muke kira garin bakin ruwa: ƙaramin gari na manoma wanda rayuwarsa ta ɗan bambanta da ta maƙwabtansa domin yana da ruwa kwance duk shekara.

3.0 Yanayi

3.1 Ruwan Sama

Iskoki biyu ne suke mulkin shekara a ƙasar Hausa. Ɗaya tana tasowa daga Tekun Atalantika ta kudu maso yamma ɗauke da laima, ɗayar kuma tana zuwa daga Sahara ta arewa maso gabas, busasshiya, ɗauke da ƙura. Inda suka haɗu yakan matso arewa daga watan Maris, ya koma kudu daga Satumba. Da yake yankinmu yana kudancin jihar, iskar laima takan riga isowa gare shi, ta kuma daɗe kafin ta janye. Wannan ne ya sa ake samun ruwan da ya kai wajen milimita 1,000 a shekara, watau inci 40, alhali a kewayen birnin Katsina da Daura ruwan yakan tsaya ne tsakanin milimita 600 zuwa 700. Damina takan kankama a watan Mayu, ta yi ƙarfi a Agusta, lokacin marka, ta ɗauke a cikin Oktoba.

Amma fa wannan matsakaicin lissafi ne, ba alkawari ba. Manyanmu ba su manta da farin 1972 zuwa 1974 ba, da kuma na 1983 da 1984, lokacin da rijiyoyi suka ƙafe, dabbobi suka yi ta mutuwa. Farin farko yana cikin abubuwan da suka ƙara wa gwamnatocin arewa himmar gina madatsun ruwa: an gama ta Tiga a 1974, ta Bakolori a 1978, ta Zobe kusa da Dutsin-Ma a 1983. Daga shekarun 1990 ruwan sama ya farfaɗo, sai dai ya canza hali, domin yakan zo da ƙarfi cikin ɗan lokaci, sa'an nan a yi kwanaki babu ko yayyafi. Ambaliyar Jibiya ta watan Yulin 2018, wadda ta ci rayuka fiye da 40 a dare guda, misali ce ta irin wannan ruwa.

3.2 Zafi da Sanyi

A bazara, watau Maris da Afrilu zuwa faɗuwar ruwan fari, zafin rana yakan haura digiri 35 a ma'aunin Salshiyas, wasu ranaku ya doshi 40. Duk da haka tudun ƙasar yana rage kaifinsa. Ƙa'idar da masana yanayi suka sani ita ce, duk hawan mita 1,000 yana rage zafin iska da wajen digiri shida. To, tsakanin Funtuwa da Sakkwato akwai bambancin tudu na wajen mita 400, wanda shi kaɗai ya isa ya kawo rangwamen digiri biyu ko fiye. Wanda ya taɓa yin azumi a garuruwan biyu cikin bazara ya san digiri biyu ba ƙaramin abu ba ne.

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu kuwa hunturu ne, mai zuwa da hazo wanda mafi yawansa daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi yake tasowa. Da asuba sanyi yakan sauka zuwa digiri 15 ko ƙasa da haka, da rana kuma a sami hantsi mai daɗi. Wannan shi ne lokacin da jiki ya fi jure wa motsi a fili, ko da yake ƙura tana kawo mura da tari da kaushi.

3.3 Abin da Tafki ke Ƙarawa

Ruwa ya fi ƙasa jinkirin ɗaukar zafi, ya kuma fi ta jinkirin sakinsa. Don haka da rana iskar da ke bisa tafki takan fi ta bisa tudu sanyi, sai ta riƙa kwararowa gaɓa, da dare kuma lamarin ya juya. Bugu da ƙari, tururin da ke tashi daga ruwa yana shanye wani kaso na zafin rana, itatuwan da ke gaɓa kuma, irin su mangwaro da giginya da gawo, suna ba da inuwa. Wajibi ne dai mu faɗi iyakar wannan alheri. Tafki ƙarami irin na Mairuwa ba ya sauya yanayin gunduma, tasirinsa bai wuce 'yar tazara daga gaɓa ba, kuma ba ya jawo ruwan sama kamar yadda wasu ke zato. Sa'an nan tururin nan asara ce ga madatsar, domin a wannan sashe na Nijeriya rana da iska sukan kwashe zurfin ruwan da ya kai mita ɗaya da rabi zuwa biyu a shekara daga buɗaɗɗen tafki.

4.0 Wasanni da Shaƙatawa Bisa Lokutan Shekara

Bahaushe bai taɓa rasa hanyar shaƙatawa ba, sai dai tasa tana bin kalandar gona. Da damina babu lokacin wasa sosai, kowa yana bakin aiki, amma ko a nan ɗin ma gayya tana haɗa aiki da nishaɗi, inda makaɗa ke zuga samari suna gasar kai kunya.

Kaka ita ce babbar kakar wasa. An girbe, rumbu ya cika, aljihu ya yi nauyi da kuɗin auduga, sararin sama ya washe. A lokacin ne ake dambe da kokawa, ake bukukuwan aure, a da kuma ake kalankuwa, wadda samari da 'yan mata na ƙauyuka ke shiryawa don murnar amfanin gona. Fulanin da ke kewaye su ma a irin wannan lokaci suke sharo. Da farin wata kuwa dandali yakan cika, 'yan mata suna gaɗa, yara maza suna langa, tsofaffi suna ba da tatsuniya a tsakar gida. Wasu daga cikin waɗannan al'adu, musamman kalankuwa da sharo, sun ja baya tun kafin rikicin da za mu ambata a gaba, saboda wa'azin malamai da yaɗuwar makarantu da shigowar gidajen kallo, ƙwallon ƙafa kuma ta maye gurbin da yawa daga cikinsu.

Da rani ya shiga, sai farauta. Mafarauta na ƙauyuka da dama sukan haɗu da karnukansu da gorori su shiga daji kwana da kwanaki, abin da yake wasa ne, neman nama ne, kuma makarantar jarumtaka ce. A nan ne garin bakin ruwa yake fin maƙwabtansa. A garin da babu ruwa, rani lokacin cin rani ne, matasa su watse zuwa Kano ko Kaduna ko Legas, a bar gari ga tsofaffi da mata. Inda akwai tafki kuwa akwai lambun tumatir da albasa da tattasai da rake, akwai kamun karfasa da tarwaɗa da koma ko ƙugiya, akwai yin tubali da wanki da shayar da dabbobi. Matashin da ya sami abin yi a gida shi ne wanda zai buga ƙwallo da la'asar, ya je dandali da dare. Ke nan tafki yana raya wasa ta hanya biyu: yana ba da wurin yinsa, yana kuma tsare masu yinsa a gari.

A bazara, idan zafi ya tsananta, ruwan da kansa yakan zama filin wasa. Yara maza sukan wuni suna iyo da nutso, manya kuma su nemi inuwar gaɓa suna dara ko hira. Amma a daidai wannan wuri ne alherin tafki yake haɗuwa da sharrinsa.

5.0 Abubuwan da ke Rage Daɗin Zama

5.1 Cuta

Babbar cutar ruwan kwance ita ce tsargiya, watau fitsarin jini. Mai cutar yakan yi fitsari a ruwa, ƙwayayen tsutsar su ƙyanƙyashe su shiga jikin wani ɗan ƙaramin dodon koɗi mai zama cikin ciyayin gaɓa, su hayayyafa a can, sa'an nan su fito su huda fatar duk wanda ya shiga ruwan. Tsutsotsin sun fi fitowa da tsakar rana, lokacin da yara suka fi shiga iyo. Wannan ba labarin nesa ba ne. A shekarun 1970 an gudanar da babban bincike kan cututtuka a ƙasar Malumfashi, maƙwabciyar Ƙanƙara, da haɗin gwiwar Jami'ar Ahmadu Bello da masana daga Libaful ta Ingila. Sun lura da yadda mutane ke amfani da madatsar Ruwan Sanyi, suka tabbatar cewa yara maza masu iyo su ne cutar ta fi kamawa, su ne kuma suka fi yaɗa ta. Abin takaici, a wasu ƙauyuka akan ɗauki jinin alamar balaga ce, alhali idan cutar ta daɗe tana lalata mafitsara da ƙoda. Maganinta, wanda ake kira firazikwantal, ya samu tun wajen 1980, kuma ana raba shi kyauta a makarantu, sai dai ba ya hana a sake kamuwa.

Sai zazzaɓin cizon sauro, wanda a ko'ina yakan yi tsanani daga Agusta zuwa Oktoba, amma a bakin tafki da lambuna kududdufai suna tsawaita kwanan sauro har cikin rani. Akwai kuma sanƙarau, cutar ƙura da zafi da cunkoson ɗaki, wadda annobarta ta 1996 ta kashe dubban mutane a arewacin Nijeriya. Ga kuma nutsewar yara a ruwa, wadda kusan kowace bazara akan ji labarinta a garuruwan da ke da madatsu ko kududdufai.

5.2 Cikewar Tafki

Kowane tafki yana da ajali, kuma mutanen da ke samansa su ne suke kusanto da shi ko su jinkirta shi. Idan aka sare itatuwan da ke kan rafuffukan da ke zuba cikinsa, aka yi noma har gaɓa, ruwan sama mai ƙarfi yakan kwaso ƙasar gona ya zube a ƙasan tafkin. Kowace shekara zurfi yana raguwa, ruwan da ya rage yana saurin ɗumama da ƙafewa. Takin zamani da ke gangarowa daga gonaki yana ciyar da kainuwa da sauran ciyayin ruwa, su kuwa su ne mafakar dodon koɗi da sauro. Ta haka zaizayar ƙasa a gonar wani takan zama tsargiya a jikin ɗan wani.

5.3 Tsaro

Duk abin da muka faɗa a baya ya dogara ga abu guda, wanda Bahaushe ya taƙaita da cewa zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki. Abin da ya faro da satar shanu a dazuzzukan iyakar Zamfara ya rikiɗe ya zama kisa da satar mutane don neman fansa. A watan Maris 2014 an kashe mutane masu yawa a ƙauyukan Faskari da Sabuwa, ciki har da Mararrabar Maigora. A watan Yuni 2020 aka afka wa Kadisau ta ƙasar Faskari. A daren 11 ga Disamba 2020 aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara, aka sako su bayan kwana shida. A 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, ta taƙaita cinikin dabbobi, aka kuma katse layin waya na wasu watanni a ƙananan hukumomi 13, waɗannan uku suna ciki. A 2023 gwamnatin Dikko Umaru Raɗɗa ta kafa rundunar tsaro ta 'yan ƙasa, a 2025 kuma aka yi zaman sulhu a wasu ƙananan hukumomi, har da Faskari.

A cikin waɗannan shekaru ruwan sama bai daina sauka ba, hunturu bai fasa zuwa ba, tafki yana nan inda yake. Abin da ya fara ɓacewa shi ne hirar dare da dandali da farauta da zuwa kallon dambe a ƙauyen maƙwabta. Bayansu ne gonakin nesa suka bi, sa'an nan kasuwa, daga ƙarshe mutanen da kansu suka yi ƙaura zuwa Funtuwa da Katsina da Zariya. A ƙarshen 2020, daidai lokacin da ake jimamin ɗaliban Ƙanƙara, Gwamnatin Tarayya ta sanya dajin Kogo cikin dazuzzuka goma da ta amince a mayar gandun daji na ƙasa. Niyya ce mai kyau, amma dajin da mafarauci ɗan ƙasa ke tsoron shiga ba zai ga baƙo mai yawon buɗe ido ba.

6.0 Shawarwari

Da aka gina madatsun Kano a zamanin Audu Bako, an yi musu otal-otal a Bagauda da Tiga da nufin jawo baƙi. Na Bagauda daga baya reshen Makarantar Horar da Lauyoyi ta Nijeriya ya koma. Bikin kamun kifi na Argungu kuwa, wanda ya samo siffarsa ta yanzu a 1934, ya yi suna a duniya domin tun asali na mutanen garin ne, baƙi daga baya suka biyo. Darasin shi ne, sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Saboda haka muna ba da waɗannan shawarwari ga ƙananan hukumomi da masu unguwanni da makarantu:

(a) A keɓe gaɓa guda domin wanka da iyo, a riƙa share ciyayinta, a gina makewayi kusa da ita amma nesa da ruwa, a raba ta da mashayar dabbobi.

(b) A koya wa yara a makarantun boko da na allo yadda tsargiya ke yaɗuwa, a kuma sanar da iyaye mata cewa ruwan tafkin da aka ɗebo aka ajiye kwana biyu tsutsar da ke cikinsa takan mutu, ya zama na wanka, ko da yake na sha sai an tafasa.

(c) A bar wata 'yar tazara tsakanin ruwa da gonar farko, a dasa mata itatuwa da gamba, domin su tare ƙasa su kuma ba da inuwa.

(d) A sanya dattawan masunta su koya wa yara iyo, su kuma nuna wuraren da ke da zurfi ko laka.

(e) A kare dandali da filin ƙwallo daga masu yanka filaye, a haskaka su da fitilu masu aiki da hasken rana.

(f) Ɗaliban kwalejojin ilimi na sashen labarin ƙasa su riƙa auna ruwan sama da zafi da zurfin tafki a kai a kai, su kuma rubuta wasannin da ake yi a kowane lokaci na shekara da yawan masu halarta, domin a sami abin kwatantawa nan gaba.

7.0 Kammalawa

Mun ga cewa Allah ya hore wa ƙasar Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa ruwan sama da ya fi na arewacin jihar, da tudu mai rage zafi, kuma gari irin Mairuwa yana da ƙarin ruwa kwance mai tsare matasa a gida da rani. Mun ga kuma cewa wannan ni'ima tana tare da cuta da cikewar tafki, waɗanda ilimi da ɗan tsari za su iya ragewa, da kuma rashin tsaro, wanda ya fi ƙarfin gari guda. Shawararmu ga masu bincike da hukumomi ita ce, idan suna son sanin ko sulhu ko wani shiri ya yi tasiri a waɗannan garuruwa, kada su tsaya ga rahoton ofis kawai. Su je da kaka, bayan sallar isha'i, a daren sha huɗu ga wata, su ƙirga yaran da ke dandali.